Takalmi Marar Bene

Shekara talatin da ɗaya ke nan Shumeka yana ɗinka wa ƙanin matarsa takalmi, kuma ko sau ɗaya bai taɓa samun godiya tsantsa ba, sai an haɗa masa da tsiya. Ƙanin matar nan aski ne sana'arsa, shagonsa na can ƙarshen layi jikin na mai gyaran fanka, amma ba mai ce masa mai aski. Gwamna kowa ke kiransa, saboda tafiyarsa. Ciwon shan inna ya taɓa shi yana ɗan shekara huɗu, ya bar masa ƙafar hagu ƙarama, ta kuma gaza ta dama tsawo da yatsa uku. In ya taho sai ka gan shi yana karkata nan yana karkata can, a hankali, kamar wanda ya zo duba aikin hanya. In aka ce ya ɗaga ƙafa sai ya ce ai ya ɗaga, ita ce ba ta isa ƙasa da wuri, kuma dai sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka takalminsa na hagu ba a samunsa a kasuwa. Sai an yi masa tudu a ƙasa, roba kan roba har hawa uku, a manne da gam, a ɗinke, a goge gefen har ya yi sumul. Gwamna ne ya raɗa wa tudun nan suna bene. Yakan ce wa masu zuwa aski, "Ku bar ganina a gidan haya, ƙafata ɗaya a bene take wuni." Duk shekara Shumeka zai sauko da ƙafafun katako biyu da ya sassaƙa daidai ƙafafun Gwamna, ya kaɗe musu ƙura, ya ɗora fata ya hau aiki. In ya kai, Gwamna zai juya takalmin gaba da baya ya ce, "Da sauƙi. In ka ƙara shekara goma za ka iya." Shi kuma ya ce, "Mai askin da ya kasa riƙe gashin kansa ne zai koya mini aiki?" Matar Shumeka, wadda duk layin ke kira Yaya don sun ji a bakin Gwamna, takan ce ita dai mutum ɗaya ta aura aka yi mata gyara da na biyu.

Bana abin ya zo da wani salo. Tun farkon shekara Gwamna ya fara ramewa, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, aka yi ta sintirin asibiti. A ƙarshe likita ya ja 'yarsa gefe ya ce hanta ce, ciwon ya riga ya yi nisa, su koma da shi gida ya huta cikin 'yan uwansa. Kowa ya san ma'anar irin wannan hutun. 'Yar ta kwashe kujerun falonta ta jera a baranda, ta sa gado jikin taga inda zai riƙa hango titi, ta ajiye ƙaramin tebur na magunguna da ruwan zafi. Kullum da la'asar Shumeka zai rufe shago, ya biya gida ya ɗauki Yaya, su je su zauna har rana ta yi sanyi.

Wata Talata suna shiga Gwamna ya ce, "Mijin Yaya, ka zo da tef ɗinka na awo?"

"Awon me? Kai da ko banɗaki sai an riƙe ka."

"Takalmi nake so. Baƙi, mai igiya, irin na zuwa coci. Amma wannan karon ban da bene."

Shumeka ya dubi matarsa, ita kuma ta dubi flas ɗin shayi.

"Ban da bene ka taka da me?"

"Wa ya ce maka takawa zan yi? Da shi za ku sa ni a akwati."

Yaya ta ce, "Auta, ba na son irin wannan magana."

"Yaya, ba a fafe gora ranar tafiya. Kwat ɗina tana nan, riga tana nan, takalmi ne babu. Ba zan kwanta da bene ba, don ba da shi zan tashi ba."

Nan fa Shumeka ya samu abin kamawa, don gardama ta fi masa kuka sauƙi. Ya ce shi duk hoton sama da ya taɓa gani tun yana yaro, mutane ne cikin fararen riguna a kan gajimare, ƙafa ba takalmi, baki a buɗe ana waƙa. Me za a yi da takalmi a kan gajimare? Gaskiyar magana ma, wannan hoton bai taɓa burge shi ba. Shi mutum ne da aka taɓa roƙo cikin ladabi ya bar ƙungiyar mawaƙa ya koma jera benci, kuma in ya yi awa biyu hannunsa bai taɓa basilla ba sai ya ji kamar zazzaɓi zai kama shi. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, amma in ya tuna zaman har abada a kan gajimare sai ya ji hamma ta zo masa.

Gwamna kuwa shekara da shekaru yana karanta maganar Allah tsakanin kai da kai a shagonsa, kuma duk wanda ya zauna a kujerar askinsa ya san ba ya tashi sai ya ji wa'azi, tunda mai reza a wuyanka ba ka yi masa musu. Ya ɗaga kai daga filo da ƙyar.

"Shekara nawa kana ɗumama bencin coci, kunnenka na waje? Wa ya ce maka gajimare za mu tare? Sabuwar sama da sabuwar ƙasa aka yi mana alkawari. Ƙasa, Shumeka, wadda ake takawa. Ba mu ne za mu gudu mu bar wa Ubangiji duniyarsa ba, shi ne zai sauko ya zauna da mu a cikinta. Kai da kake mai gyara ya kamata ka riga kowa ganewa. In an kawo maka takalmin fata mai kyau, ƙasansa ya cinye, bola kake jefawa?"

"Ya danganta da mai shi."

"To mai wannan ya ce ba ya jefarwa. Ya ta da Ɗansa da jiki, har ya ci abinci a gaban mutane. Ni ma da jiki zan tashi, ƙafa biyu kai ɗaya. Akwai hanyoyi da zan bi da gudu, kai kana baya kana haki."

"Ka san dai takalmin ruɓewa zai yi a ƙasa."

"Na sani mana, ni ma ruɓewar zan fara yi. Ba wai Ubangiji ya rasa takalmin da zai ba ni ba ne." Ya mai da numfashi. "So nake in gan shi nan gefen gado da idona. Shekarata sittin da biyu, ban taɓa ganin takalmana sun tsaya kafaɗa ɗaya ba."

Shumeka ya ce to. Me zai ce?

Amma to ɗin baki ce. Laraba ya ce fatar da ke shago ba ta yi masa ba. Alhamis ya ce mai kawo fata bai zo ba. Juma'a fata ta zo, sai gam ya zama na banza. Ya yi ta gyaran jakunkunan 'yan makaranta da silifas ɗin da ko mai shi ya manta da shi, ƙafafun katakon Gwamna na kan kanta bai ko kalle su ba. Ba ƙiwa ba ce. A ransa gani yake muddin takalmin nan bai gamu ba, Gwamna ba shi da izinin tafiya. Ya san wauta ce, ya san ciwon hanta ba ya jiran mai takalmi, amma sanin bai sa ya ɗauki wuƙa ba.

Ranar Litinin da safe Yaya ta zo shagon da kanta, abin da ba ta saba ba, don ta ce warin gam na sa mata ciwon kai. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta zauna ba.

"Baban yara, jiya da ka fita baranda ya tambaye ni ko ka yanka fata. Na yi masa ƙarya, ranar Lahadi kuma. Yau cokali uku ya sha ya ture kofi. In kana ganin kai ne ka riƙe shi, to ba kai ba ne. Abin da kake riƙewa shi ne abu ɗaya da ya roƙe ka."

Ta juya ta tafi. Ya sauko da ƙafafun katako, ya shimfiɗa baƙar fata a kan tebur, ya wasa wuƙa.

Kwana uku ya yi a kai, kuma in ka tambaye shi yadda ya yi ba zai iya faɗa maka ba. Hannu na aiki, kai na wani wuri. Yana yanka yana tuna ranar da ya fara zuwa zance gidan su Yaya, wani siririn saurayi mai ɗingishi ya tare shi a ƙofa ya ce sai ya nuna tafin hannunsa, wai yayarsa ba ta auren malalaci. Yana ɗinki yana tuna takalmin farko da ya yi masa, wanda benen ya ɓalle a tsakiyar coci ana cikin karɓar baiko, wato sadakar masu sujada, Gwamna ya ɗauka ya jefa a cikin faranti. Sau biyu yana goge ido da gefen hannu yana ɗora laifin a kan gam. Ranar Laraba da azahar ya shafa mai, ya goge har yana ganin fuskarsa, ya naɗe a takarda ya sa a leda. Aiki ya yi kyau, wannan ko maƙiyi ba zai musa ba.

Suka tarar da Fasto ya zo gaisuwa, yana zaune a kujerar roba da hularsa a gwiwa. Shumeka ya ji daɗin haka, ga shaida. Ya miƙa ledar da hannu biyu ya ce, "Ga saƙon mai girma Gwamna."

'Yar Gwamna ta kwance takardar, ta jera takalman a kan ƙaramin tebur kusa da magunguna. Na dama ya zauna lafiya lau. Na hagu kuwa ga shi nan ya ɗago kai sama da ɗan uwansa, a kan bene hawa uku, an goge gefen sumul.

Fasto ne ya fara yin tari irin na mai danne dariya. Gwamna ya duba, ya sake dubawa, sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariyar ba ta da ƙarfi, tana yi masa ciwo a ciki, yana riƙe da haƙarƙari yana yi, hawaye na bin gefen kunnensa.

"Sabo turken wawa," in ji shi da ya samu numfashi. "Fasto, ka gani ko? Mutumin nan ya yanke hukunci. Ko Ubangiji ya miƙe ni, Shumeka bai amince ba."

Shumeka ya tsaya baki buɗe. Shi da ya yanka robar, shi da ya manna, shi da ya zauna rabin yini yana goge ta, wallahi bai ga abin da yake yi ba. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya kai hannu zai ɗauke.

"Aikin minti goma ne. In ɓare benen in sa dunduniya daidai da ɗayan."

"Ajiye. Ba benen kaɗai ba ne. Dube shi da kyau." Gwamna ya nuna da leɓe. "Na dama arba'in da uku. Na hagu nawa?"

"Talatin da takwas."

"To ni da ƙafar ɗan firamare zan tashi?"

Fasto, mutum mai sanin lokacin tashi, ya yi gajeriyar addu'a ya ce akwai wata mara lafiya da ke jiransa. Yaya da 'yar suka raka shi, suka kuma daɗe a baranda fiye da yadda rakiya ke bukata. Aka bar su biyu da takalmi a tsakani.

"Zauna, Mijin Yaya. Tsakani da Allah, ba ka yarda ba ne?"

Shumeka ya zauna a bakin gado. Ya daɗe yana murza babban yatsansa, inda zare ya yi masa kanta.

"Na yarda da tashin matattu. Kowace Lahadi ina faɗa tare da kowa." Ya nuna ƙafar hagun da ke ƙarƙashin bargo. "Amma ni wannan ƙafar na sani. Na fi sanin ta a kan tawa. Na san inda take gogar fata, na san ɗan yatsan da ke hawa kan ɗan uwansa. Ina cikin shago, ko injin niƙa na ƙara, in ka shigo layi ina ji, taku ɗaya mai nauyi ɗaya mai sauƙi. In ka miƙe kana tafiya kamar kowa, cikin wannan taron jama'a da ba mai iya ƙirgawa, ta yaya zan gane ka? Gani nake kamar wani za a ba ni, ba kai ba."

Ya faɗa ke nan ya ji nauyin maganar, don bai san tana cikinsa ba sai da ta fito. Tsoronsa ba mutuwar ba ce kaɗai. Tsoronsa a gyara masa Gwamna har ya ɓace masa.

Gwamna bai yi dariya ba wannan karon.

"Wato shekara talatin da ɗaya ɗingishi ka yi abota da shi, ni ina biye."

"Ba haka nake nufi ba."

"Na san abin da kake nufi. Saurara. In ka gyara wa mutum takalmi ya zo karɓa, ce maka yake wannan ba nawa ba ne? Yana hango shi a kan kanta yake ganewa, har ya ce kai, ashe haka yake. Ni ma haka za ka ce. Ashe haka yake." Ya lumshe ido. "In kuma duk da haka ka kasa, ka tsaya wuri ɗaya kawai. Duk wanda ya zo ya duba aikin hannunka ya ce da sauƙi, ni ne."

"Can ma akwai aiki?"

"Mutum na farko a gona aka ajiye shi, ba a kan gajimare ba. Aiki na nan, wahalarsa ce za a cire. Kar ka sa rai da hutu, malalaci."

Shumeka ya yi dariya da hanci a toshe. Sai ya tashi ya leƙa baranda ya ce a ba shi farar takarda da fensir. Ya yaye bargo, ya ɗaga ƙafar Gwamna ta dama a hankali, ya sa murfin kwali a ƙarƙashi ya ɗora takardar, ya bi gefen ƙafar da fensir tun daga dunduniya har yatsu. Ƙafar ta ɗan kumbura, ya rage abin da ya san na ciwo ne. Ƙafa ce mai faɗi, mai ƙashi a gefen babban yatsa, don ita ta ɗauki nauyin mutum guda ita kaɗai shekara hamsin da takwas.

Washegari tun kafin mai gyaran fanka ya buɗe, Shumeka na shago. Matsalar a fili take. Ƙafar katakon da zai ɗora takalmin hagu a kai babu ita, don ƙafar da za a yi wa takalmin ba a taɓa ganinta a duniya ba. Ya ɗauki takardar jiya ya tsaya a bakin ƙofa, ya juya bayanta ya ɗaga wa hasken rana. Zanen fensir ya fito ta baya, babban yatsa ya koma ɗaya gefen. Ga ƙafar hagu nan, cikakkiya, lamba arba'in da uku, ta Gwamna ce ba ta kowa ba.

Ya daɗe a tsaye da takarda a sama. Mai shayi da ke wucewa ya tambaye shi ko kuɗin jabu aka ba shi yake dubawa. Daɗi da baƙin ciki suka haɗu, ya rasa wanda zai fara ji. A karo na farko ya ga Gwamna a tsaye sosai a cikin ransa, kafaɗu daidai, da sanƙonsa da bakinsa da komai, kuma bai yi kama da baƙo ba ko kaɗan.

Ya ciro ƙafar katako ta hagu irin ta kowa, lamba arba'in da uku, ya hau yi mata ƙari da guntayen fata, nan faɗi, nan ƙashin babban yatsa, yana gwadawa da takardar har suka dace. Sauran robar bene kuwa ya tattara ya kai shagon mai gyaran fanka ya ce ya ajiye masa, kar ya ba shi ko ya roƙa. Mutum ya san halin hannunsa.

Aikin kwana uku ne, ga shi ba shi da kwana uku. Da azahar 'yar Gwamna ta kira ta ce yau bai sha komai ba, barci yake ta yi. Shumeka bai je da la'asar ba, karo na farko tun da aka dawo daga asibiti. Ya aika Yaya ta ce wa Gwamna yana kan aiki, kuma wannan karon ba ƙarya ba ce. Duk wanda ya kawo gyara ya ce ya dawo mako mai zuwa. Wata mata da maɗaurin jakarta ya tsinke ta yi ta masifa, ya miƙa mata allura da zare ya ce ta taimaki kanta. Gam na son a bar shi ya sha iska kafin a haɗa, fata na son ta kwana a kan katako kafin ta ɗauki siffa, kuma ba ɗayansu da ya san ana sauri. Yana jira yana addu'a, addu'ar da ba ta da tsari ko kaɗan: Ubangiji, ka san ni na ɓata mako guda, kar ka ɗora masa.

Juma'a da hantsi ya cire katakon, ya zura igiya, ya goge. Ya jera takalman biyu a kan tebur, ya durƙusa har idonsa ya zo daidai da su, ya ɗora ruwa a murfin kwalba a kan bakinsu don ya tabbata. Ruwan bai karkata ba. Bai tsaya neman leda ba, ya rungume su a ƙirji ya tari mai babur.

Falon ya cika da shirun da ba ya so. Yaya na zaune a bakin gado tana shafa wa ƙaninta ruwa a leɓe da auduga, 'yar na tsaye jikin taga. Gwamna ya ƙara ƙanƙancewa cikin kwana biyu, kamar an rage shi. Amma ƙirjin na ɗagawa.

"Auta," in ji Yaya a kunnensa. "Ga mutuminka ya zo."

Idon ya buɗe a hankali. Shumeka ya ture magunguna gefe, ya jera takalman a kan tebur, ya jawo teburin daf da filo. Gwamna ya kalle su. Ya kalli na dama, ya kalli na hagu, ya koma ya kalli na dama. Leɓensa ya motsa, Shumeka ya sunkuya.

"Wa ya taya ka?"

"Ka ji ɗan banza," in ji Shumeka. "Mutum na mutuwa ba zai bar tsiya ba."

"Sa mini."

Suka yaye bargo. Shumeka ya durƙusa a ƙarshen gado, ya sassauta igiya, ya zura na dama. Ya shiga daidai, kamar kullum. Ya ɗauki na hagu, ya tallabi ƙaramar ƙafar nan da ya sani shekara talatin da ɗaya, ya zura ta. Ta shige ta ɓace a ciki. Yatsun ba su kai ko rabin gaba ba, dunduniya na yawo, da ya saki sai takalmin ya kwanta gefe.

Yaya, da ba ta iya ganin abu ba daidai ba ta ƙyale, ta jawo ƙullin audugar da ke kan tebur ta fara yagowa.

"Bari in cusa masa a gaba, ya zauna sosai."

Shumeka ya riƙe hannunta.

"A'a, Maman yara. Kar ki sa komai."

"Ba ka ga yana faɗuwa ba?"

"Na gani. Ba wannan ƙafar na yi wa ba. Bar mata wurinta, tana zuwa."

Yaya ta dube shi, ta dubi audugar, sai ta mai da ita kan tebur ta rufe fuska da gyale. Shumeka ya ja igiyar hagu ya ɗaure a idon sawu yadda ba zai zame ba, ya haɗa dunduniyar biyu, ya riƙe su da hannu don su tsaya. Ƙasan na hagu bai kai na dama ba, saura yatsa uku, ya bar su a haka.

Gwamna ya ɗan ɗago kai ya hango ƙafafunsa, ya mayar. Idonsa a rufe, amma gefen bakinsa ya ɗaga.

"Yaya," ya ce, can ƙasa. "A gaya wa Fasto ya yi hankali da kujerarsa. Mijinki ya fara wa'azi."

Ranar Lahadi da rana, ana fitowa daga coci, Gwamna ya cika. Da aka zo shirya shi, ma'aikacin ɗakin ajiye gawa ya ɗauki takalmin hagu ya juya, ya dubi ƙafar, ya ce ko an yi kuskure an kawo na wani. Shumeka ya ce ba a yi kuskure ba, nasa ne, shi ya auna.